Babur Ba Birki: Yadda Muka Haɗa Kukuma da Fiyano

Kwanan baya wani saurayi ya tare ni a bakin tashar Batsari, ya miƙo mini waya ya ce in kalli abin da ya ɗauka. Ya ɗaura zanen uwarsa, ya shafa gari a fuska, yana tsalle, kiɗa na tashi a bayansa. Ya ce, "Baba Sada, ai yanzu mun zama abokan sana'a." Na kalla har ƙarshe, na mayar masa da wayarsa, na ce Allah ya yi albarka. Ban raina shi ba. Amma ku samarin yanzu kun ɗauka ba da dariya ɗaura zane ne da murguɗa baki, kiɗa kuma maɓalli ne da ake dannawa. To ku gyara zama in gaya muku yadda muka yi tamu.

Ni a hannun Baba Lado Mai Gambara na tashi, mutumin Safana. Gambara doguwar ganga ce ta masu barkwanci, a kasuwa ake yawo da ita. Da mahaifina ya kai ni wurinsa, abin da Baba Lado ya fara ce mini shi ne in rufe bakina. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, aikina ɗaukar ganga da kallon mutane. In mun dawo gida sai ya tambaye ni, "Wa ya fara dariya a rumfar masu gishiri? Wa ya juya baya?" In na ce ban lura ba, ya ce to yau ban je kasuwa ba, ganga ce ta je da ni.

Akwai wata ranar kasuwa da muka tsaya a rumfar mahauta. Baba Lado ya kama tumbin wani mahauci yana yi masa waƙa, wai tumbin ne ke riga shi shiga masallaci ya kama masa sahu. Mutane na ta faɗuwa, shi kansa mai tumbin yana bubbuga teburi. Sai Baba Lado ya juya kan mahaucin da ke kusa da shi, wani siriri da ya saba tsokana, ya ɗaga hannu zai buga ganga, sai kawai ya sauke. Ya gaishe shi gaisuwar girma, muka wuce. A hanya ya ce mini, "Ka ga wuƙarsa? Tun da muka zo yake wasa ta, bai yanka komai ba. Akwai abin da ke cinsa." Daga baya muka ji ɗansa ne kwance ba lafiya. Rabin sana'ar nan sanin wanda za ka taɓa ne, da wanda za ka gaida ka wuce.

Gambara ba ta karɓe ni ba, hannuna ya fi zama a kan kukuma, shi kuma bai hana ni ba. Kukuma ƙaramar goge ce, tsarkiya ɗaya gare ta. Da hannuna nake yin tawa: ƙoƙon duma mai kauri, a rufe shi da fatar guza, a ja gashin wutsiyar doki a kai, a goga ƙaro a jikin abin ja don ya kama. Ku da kuke cewa na'ura ta fi sauƙi, gaskiyarku. Kukuma tana da hali. Da damina fatar takan saki, muryarta ta koma ta mai mura, sai na tsaya wurin mai tsire na kara ta a wuta kafin mu fara. Da bazara kuma in ka bar ta a rana sai ta tsage. Amma ba abin da ba ta iya faɗi. Tana kukan jariri, tana tsakin tsohuwa, tana kukan jaki, kuma in na danne tsarkiyar na ja a hankali tana yin babur da ke tahowa daga nesa.

Da ƙarfin Baba Lado ya ragu, idonsa ya fara hazo, sai muka ci gaba ni da Tanko mai kalangu, abokina tun muna yara. Masu kiranmu kala-kala ne. Mahauta so suke ka zage su a gaban jama'a, in ka yabe su sai su ga ka raina su. Matan biki sai ka fara yabon uwar amarya tukuna, sannan su ba ka dangin ango ka yi yadda ka ga dama da su. Wani kuma zai kira ka gefe ya nuna maka taubashinsa, ya gaya maka duk abin da ya taɓa yi tun yana yaro. Wannan ma sai ka tace, don ba duk abin da taubashi ya faɗa ake sa wa a waƙa ba.

Sannu a hankali kira ya fara ja baya. Biki ya koma na masu manyan lasifika da waƙoƙin fiyano. Sai mu je gidan suna mu tarar an kafa janareta, mu tsaya a gefe kamar masu jiran sadaka. Tanko ya ce mu haƙura mu kama noma gadan-gadan. Na ce noma dama muna yi, amma kukuma ba zan rataye ta ba.

A lokacin ne Hamisu ya zo mana. Ɗan wani tela ne a nan Batsari, ya yi shekaru a Katsina yana koyon haɗa kiɗa, ya dawo da fiyano da kwamfuta ya buɗe situdiyo a wani shago bayan tasha. Ya manna kwalayen ƙwai da tsofaffin katifu a bango don kada ƙarar waje ta shiga. Ya same ni a ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, waƙoƙin soyayya sun ishe ni, kowa abu ɗaya yake kawo mini. Ina so mu haɗa naku da nawa mu ga abin da zai fito."

Na je Safana na gaya wa Baba Lado, don ba na yin sabon abu ban sanar da shi ba. Ya ce, "Ita na'urar tana ganin fuskar mutane?"

Na ce, "Ba ta gani, Baba."

Ya ce, "To ku je ku gwada. Ban hana ba, ban kuma sa hannu ba."

Waƙar da muka fara ɗauka ita ce ta Kawu da babur, wadda muka daɗe muna yi a kasuwa. Labarin wani ne da muke ce wa Kawu a waƙar, wanda ya sayi tsohon babur ya tafi gaida surukansa, ashe ba birki. Ya iso ƙofar gida ga suruki zaune a kan tabarma, babur ya ƙi tsayawa. Sai ya ce "Ina kwananku" ya wuce, ya zagayo bayan gida ya dawo, "Ina gajiya," ya wuce, ya sake zagayowa, "Yaya iyali," ya wuce. Shi kuma suruki, don kada a ce bai amsa ba, yana zaune yana jiran kowane zagaye da amsarsa a baki. Kun san gaisuwar surukai ba ta da gajarta. Haka suka yi ta yi har mai ya ƙare. Ni ke yin baburin da kukuma, ya taho ya wuce ya ɓace, Tanko kuma ya yi muryar suruki da kalangu.

Hamisu ya saita kiɗansa a kwamfuta, ya sa mana abin ji a kunne, ya ce mu bi bugun. Muka bi. Ya gyara, ya goge, ya fito da abu tsaf, ba ƙura ko kaɗan. Washegari da safe muka kai teburin mai shayi, inda direbobi ke karyawa, aka kunna. Mutane suka gyaɗa kai, wani ya ce kiɗan ya yi daɗi. Ba wanda ya yi dariya. Waƙar da ke sa dattijo ya riƙe ciki a kasuwa, ga ta an ji ta kamar sanarwa.

Da muka koma shago Tanko ya ce na'urar ce ta kashe waƙar. Hamisu ya ce kalangun ne ba ya tsayawa a kan bugu, yanzu ya yi sauri, yanzu ya ja. Tanko ya ce shi ba agogo ba ne. Suka yi ta yi har Tanko ya rataya kalangunsa ya fita. Na bi shi na dawo da shi. Na ce musu ba wanda zai bar shagon nan da fushi, kuma ba za mu bar aikin nan ba sai mai shayi ya zubar da shayinsa don dariya.

Hamisu ne ya samo bakin zaren. Ya ce zai bi mu kasuwar Safana ba tare da kayansa ba, ya ga yadda muke yi. Ya tsaya cikin jama'a tun hantsi har la'asar. A kan hanyar dawowa, muna bayan a-kori-kura tsakanin buhunan gero, ya ce, "Kawu, na gane. In babur ya wuce kukan tsaya ku jira mutane su gama dariya, kuma jiran ba ɗaya ba ne kullum. Ni kuma na'urata ba ta jira. Mu juya abin. Ku fara yi a gaban mutane, ni in biyo ku da yatsuna."

Haka aka yi. Muka cika shagon da mahauta da direbobi da mai shayin kansa, aka rufe ƙofa saboda ƙarar janareta. Zafi kamar gidan burodi, gumi na ɗiga a kan fatar kukuma ina sharewa da hula. Muka yi waƙoƙinmu yadda muka saba, suka yi dariyarsu yadda suka saba. Duk dariyar da kuke ji a faifan nan ta gaske ce, har da tarin da wani ya yi a tsakiya, Hamisu ya so ya cire na ce ya bar shi. Bayan an watse ya zauna shi kaɗai yana bin mu da fiyano, inda muka tsaya ya tsaya, inda Tanko ya ruga ya ruga. Ya sa wani kauri a ƙasan kiɗan, irin wanda ke girgiza ƙofar mota. Muryar ƙarfen nan kuma da mawaƙan zamani ke sa wa kansu don su yi daɗi, ya ce mu ba surukar Kawu ita, lokacin da take leƙowa ta katanga tana tambaya ko baƙon zai tsaya cin tuwo. Wannan dabararsa ce, ba tawa ba, kuma ita ta fi kashe mutane da dariya.

Muka sa wa faifan suna Babur Ba Birki. Kafin Hamisu ya kai wa masu tura waƙa a waya, na ɗauke shi da faifan muka je Safana. Baba Lado yana kwance a zaure, aka kunna masa. Ya saurara ido rufe. Da aka zo zagaye na uku na ga kafaɗarsa tana rawa. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Kun bar wa mutane wurin dariya. Amma kai yaro, ƙarfenka ya danne kukumar. Ɗaga ta." Hamisu ya ce to, Baba, ya koma ya ɗaga ta. Baba Lado bai ga ƙarshen wannan shekarar ba, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya biyo baya ku kanku kun sani, wasunku kuna yara lokacin. Motocin Katsina ba abin da suke sawa sai shi. 'Yan acaɓa suka mayar da shi gaisuwa, in sun haɗu a hanya ɗaya ya ce "Ina gajiya" ya wuce ba tsayawa, sai sun sake haɗuwa ya ce "Yaya iyali." Faifan kansa bai ciyar da mu ba, kowa turawa yake daga waya zuwa waya. Amma ya dawo mana da kira. Masu bikin da suka daina nemanmu suka dawo suna cewa a zo da kukuma, a zo da mai fiyano kuma. Tsofaffi na zuwa don kalangu, samari na zuwa don kiɗan Hamisu, a tsaya fili ɗaya.

Sai shekarar wahala ta zo. Ba sai na ba ku labarin 'yan bindigar nan mutanen daji ba, ba gidan da bai ɗanɗana ba. Aka rufe kasuwannin mako, aka katse layin waya, aure ya koma a shafa fatiha a watse. Tanko ya koma tura kurar ruwa. Hamisu ya rufe fiyano da zane don man janareta ya gagara. Ni ina 'yar gonata ta bakin gari. Abu ɗaya na kafe a kai: duk la'asar sai mun haɗu a zaurena mun yi kiɗa, ko ba mai ji. Tanko ya ce wa muke yi wa? Na ce hannuwanmu muke yi wa, kada ranar da za a neme mu a tarar sun mutu.

Wadda ta neme mu wata Hajiya ce da ke dafa wa 'yan gudun hijira abinci. Mutanen ƙauyukan wajen Tsaskiya ne da aka saukar a wata makarantar firamare, maza a wasu azuzuwa, mata da yara a wasu. Ta ce, "Malam Sada, abinci muna iya ƙoƙarinmu. Amma yaran nan ba sa wasa. Tun da suka zo ban ji ɗaya ya yi dariya ba. Ku zo ku gwada."

Muka je da la'asar, Hamisu ya ɗauko batirin mota ya haɗa fiyano. Aka taru a gindin bishiyar bedin makarantar. Samarin gari da suka biyo mu suka ce a fara da Babur, kamar yadda ake yi ko'ina. Na danne tsarkiya na ja, babur ya fara tahowa daga nesa. Ban kai ga gaisuwar farko ba wata mata ta miƙe ta fizgi ɗanta ta yi aji da gudu. Yara suka watse, wasu suka shige ƙarƙashin tebura. Maza suka juya suna kallon ƙofar makaranta. A garuruwansu, wannan ƙarar ita ke zuwa kafin harbi.

Na sauke kukuma. Tanko ya matso kunnena ya ce mu tattara mu tafi. Na ce ba inda za mu je. In muka tafi yanzu mun bar su cikin tsoron da ya fi wanda muka same su da shi, kuma mun gama sana'a ke nan. Muka zauna a ƙasa, kaya a cinya, ba mu buga komai ba.

Can sai wani tsoho mai farin gemu da ke jingine da bango ya yi gyaran murya. Baba Gide ake ce masa, daga baya na sani. Ya ce, "Kai mai kukuma, taho in ba ka labari. Sa'ad da nike yaro, da aka zo ɗibar yara boko, ubana cikin rumbu ya ɓoye ni. Kwana na yi cikin gero don kada in shiga makaranta. To ga ni yau, da gemuna fari, an kawo ni an sa ni aji uku."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Sai muryar wata tsohuwa ta fito ta tagar ajin mata, matarsa ce, ta ce, "Ni aji biyar aka sa ni. Ko nan na wuce shi."

Dariyar da ta tashi ba irin ta kasuwa ba ce. Wasu suna yi suna share ido. Na jira ta sauka, na durƙusa gaban tsohon na ce, "Baba, kun ba ni wannan in yi waƙa da shi?"

Ya ce, "Na ba ka. Amma ka faɗi cewa ni ne babba a ajinmu."

Nan take muka gina ta. Tanko ya kama wani bugu mai sanyi, Hamisu ya biyo shi a hankali, na sa kukuma ta yi muryar tsohuwa tana tambayar maigida ko ya yi aikin gida. Muka sa Baba Gide ya zama shugaban aji, mai rubuta sunayen masu surutu alhali bai iya rubutu ba, sai dai ya riƙe su a ka ya kai ƙara wurin matarsa. Yaran da suka ɓuya suka fara leƙowa. Kafin a kira magariba su ne 'yan amshi. Muka riƙa komawa duk mako, kuma a cikin ajin nan Hamisu ya ɗauki waƙar da batirinsa, da muryoyin yaran. Ɗan Aji Uku muka sa mata. Ba layin waya a lokacin, amma ta zagaya gari, hannu da hannu. Waƙar babur kuwa muka ajiye ta, ko an roƙa ba ma yi.

Da ruwan farko ya sauka, mutanen ƙauyen Baba Gide suka yanke shawarar komawa su yi shuka. An ce hanya ta ɗan lafa, ba wanda ya ce ta gyaru. Suka ce in ba su shuka ba bana, baɗi ma a aji za su ci tuwon sadaka. Tsohon ya aiko a kira ni, ya ce, "Sada, tare za mu. Da kiɗa muka saba shuka a garinmu, kuma makaɗinmu ba ya cikin waɗanda suka fito."

Na gaya wa abokan aikina, na ce ban tilasta wa kowa ba. Hamisu ya ce zai je. Tanko ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana, a yi masa uzuri, na ce an yi. Da safe muna loda batiri a bayan a-kori-kura sai ga shi da kalangu a hammata. Ya hau ya zauna a kan buhun iri.

Hanyar ƙasa ce, ruwa ya cinye gefenta. A motar kowa idonsa na kan daji. Muka isa da hantsi. Rumbuna sun ƙone, an cire ƙyamaren ɗakuna, ciyawa ta fito a tsakar gida. Mata suka tsaya suna kallo. Baba Gide bai ko shiga gidansa ba. Ya saɓa sungumi, ya ce a wuce gona tun ƙasa na da danshi.

Muka kafa kayanmu a gindin wata tsamiya a bakin gonar. Maza suka jeru suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Muka fara a hankali, don ni kaina ban san iya inda sauti zai kai ba, ban kuma san wa zai ji ba. Tanko na bugawa yana waiwaye. Baba Gide ya kai tsakiyar gona, ya tsaya, ya juyo ya dafa sungumi.

Ya ce, "Mi ya sa kuke kiɗa kamar masu satar kaza?"

Na ce, "Baba, muna duba bayan dutsen can ne."

Ya ce, "Ai don mutanen dajin nike so a buga. Ku ƙara. Su ji muna shuka."

Na kalli Hamisu, Hamisu ya kalli Tanko. Tanko ya gyara kalangu a hammata ya matse shi. Hamisu ya murɗa abin sauti har ƙarshe. Na goga ƙaro, na ɗora kukuma a kan muryar tsohuwa, yara suka karɓi amshi daga cikin gona. Ba mu sauke hannu ba sai da iri ya ƙare a ƙwarya.